Ku Zo Ku Cire Allonku Daga Gonata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin tallafa wa manoma da ke aiki a ƙasashen Anka, Bukkuyum da Gummi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Yaya aiki, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya dafa maka.

Ranka shi daɗe, sunana Muhammadu Labbo. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Bukkuyum, a bakin hanyar da ta taso daga Anka ta nufi Gummi. Ba ka san fuskata ba, amma ka san gonata, domin hotonta yana rataye a bangon ofishinka. Da idona na gan shi ranar da na zauna a bencin ƙofarka tun hantsi har la'asar ba a bar ni na shiga ba. Sau uku ina zuwa. Shi ya sa na zaɓi in yi maka magana a bainar jama'a, tunda a bainar jama'a aka yi mini abin da aka yi.

Ƙarata ita ce: ma'aikatanka sun kafa allo a bakin gonata, an rubuta cewa takin zamanin da shirinku ya raba ne ya sa ta yi kyau. Wallahi, shekara goma sha biyu ke nan ko ƙwaya ɗaya ta takin buhu ba ta taɓa ƙasar nan ba. Ga yadda abin yake dalla-dalla.

Na farko: yadda na tarar da gonar.

A shekarun baya na bi sahun masu haƙar zinariya zuwa Bagega. Lokacin da gubar dalma ta soma kwasar yara a can, na ga abin da ya ishe ni, na tattara na dawo gida hannu rabbana. Mahaifina ya riga ya rasu. 'Yan'uwana sun raba gonakin fadama, aka bar mini ta bakin hanya saboda babu mai so. Ban ga laifinsu ba. Fako ce ƙwal, in ka sara hauya sai ta yi tsalle ta dawo maka. Ruwan sama in ya sauka ba ya shiga, gudu yake ya faɗa kwalbati. Inda ɗan gero ya daure ya fito kuma, ƙuduji ya bi shi ya shanye. Daminar farko dami shida na ɗaure a gonar da sai ka yi kira da ƙarfi kafin wanda ke ɗaya gefen ya ji ka.

Ba ni da halin sayen takin zamani a lokacin. Mahaifiyata, Inna, ita ce ta same ni zaune a gindin rumbu wayam, ta ce: "Labbo, ƙasa ciki gare ta kamar ka. Ka ba ta abinci ka gani in ba ta tashi ba." Ta ba ni labarin yadda mahaifinta ke binne sharar gida da kashin awaki a rami tun da rani, ya tono da bazara ya kai gona. Daga nan na fara.

Na biyu: aikin da na yi, da waɗanda suka yi shi tare da ni.

Ina so ka karanta wannan sashe a tsanake, yallaɓai, domin shi ne abin da allonku ya shafe.

Ramina na farko lalacewa ya yi. Na cika masa ruwa, ya ruɓe, ya yi warin da sai da maƙwabta suka kai ƙarata wurin mai unguwa. Na biyu kuma na ƙi ba shi ruwa, ya bushe, gara ta cinye karan. Sai a shekara ta uku na gane hannunsa. Rami taku uku, zurfinsa zuwa ƙugu. A shimfiɗa karan dawa da aka daddatse, a bi shi da kashin dabbobi, a zuba ƙaiƙayi da sharar tsakar gida da ganyen dogon yaro, a barbaɗa toka, a rufa da 'yar ƙasa, a yayyafa ruwa. Haka hawa-hawa har ya cika. Bayan sati uku a juya shi zuwa ramin da ke kusa. Inna ce ta koya mini soka sanda a tsakiya: in ta fito da ɗumi, aiki na tafiya, in ta fito da sanyi, ka san akwai gyara. Ranar da ya nuna kuwa, baƙi wuluk yake fitowa, yana murmushewa a hannu, yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka.

Duk washegarin kasuwa nakan ɗaura wa jaki mangala in je in kwashe sharar 'yan gwari da ta masu rake. In zauna in tsince leda ɗaya bayan ɗaya, don leda ba ta ruɓa. Mutane suna wucewa a kan babura suna toshe hanci, suna kirana Sarkin Juji. Da rani, lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, da jarka nake ɗauko ruwa daga rafi in ba ramukan nan. Akwai shekarar da bayana ya ƙage, matata ce ta riƙa juya takin da cebur har na miƙe.

Sai kuma Jauro Buba. Bafulatani ne da rugarsu ke yamma da mu tun zamanin kakanni. Duk kaka in na gama girbi, shanunsa suna kwana a gonata har wata biyu. Su ci kara, su bar mini taki. Ba mu taɓa rubuta takarda ba. Ka san irin shekarun da ƙasar nan ta gani, lokacin da manomi da makiyayi suka koma kallon juna da wutsiyar ido, mutane suka bar gonakin daji saboda tsoro. A cikin shekarun nan duka shanun Jauro ba su fasa kwana a gonata ba, ni kuma ban fasa aika masa da daminsa na gero ba. An zage ni a kan haka, shi ma an zage shi. Muka toshe kunne.

A shekara ta biyar na ga tsutsar ƙasar nan, wato tana, a cikin kunyar gero. Na ɗauko ta a tafin hannu na kai wa Inna har ɗaki kamar wanda ya tsinci zinariya, kuma na san abin da nake faɗa, don na taɓa tsintar zinariyar. Daga nan ƙasa ta soma riƙe ruwa. Ƙuduji ya ja baya. Na haɗa gero da wake, na bar gawo biyu da suka tsiro da kansu, na dasa zogale a kan iyaka. Bara dami sittin da huɗu na ɗaure, gero da dawa, ban da wake da gyaɗa. Yau shekara shida ke nan rabon da in je awo. Rumbuna yana riskar sabon hatsi da tsoho a cikinsa. Shekarar da hanya ta yi wuyar bi, motocin taki suka kasa shigowa, na ga manya-manyan manoma suna zaune suna jiran buhu har shuka ta wuce. Ni jakina na kora zuwa bayan gida, na tone rami.

Ba fariya nake yi ba, Allah ne mai yi. Amma Allah ya yi ta hannun Inna da Jauro da matata da ni, kuma ina alfahari da haka.

Na uku: abin da ma'aikatanka suka yi.

A daminar bana, lokacin da dawa ta kai kafaɗa, wata farar mota ta tsaya a bakin gonata. Mutum uku suka fito, har da malamin gonar da kuka ajiye a yankinmu. Suka yi sallama, suka yaba, suka nemi izinin ɗaukar hoto. Na ji daɗi ƙwarai. Na ce a raina yau ga masu ilimin noma sun ga aikina. Na zaga da su ko'ina. Na kai su bayan gida na nuna musu ramuka takwas, na soka sanda na miƙa wa malamin ya taɓa ɗumin da hannunsa. Na gaya musu da bakina cewa ban taɓa zuba takin buhu ba. Malamin yana ta rubutu a littafi yana gyaɗa kai. Aka dama musu fura da nonon rugar Jauro, suka sha, suka tafi.

Bayan kwana tara na dawo daga kasuwar Gummi na tarar da allon ƙarfe, an kafa shi da siminti a kan iyakata, yana fuskantar titi. An rubuta da Turanci da Hausa cewa wannan gonar misali ce, ga amfanin takin zamanin da shirinku ya raba wa manoma. Sunana yana ƙasa da manyan baƙaƙe. A ranar kuma aka sauke buhu biyu na taki a ƙofar gidana, aka ce wa matata kyauta ce daga ofis. Ban bari sun kwana a gidana ba. Na ɗora su a amalanke na kai zauren mai unguwa, na ce ya riƙe amana, kada a warware ɗinkin.

Sati biyu bayan haka, ina Anka wurin ta'aziyyar surukina, aka kawo manoma mota biyu daga wasu garuruwa, aka shiga gonata da su ba da sanina ba. An tattake mini wake kunya goma sha ɗaya. Wannan na yafe, wake ya sake toho. Abin da ban yafe ba shi ne abin da aka faɗa musu a tsaye a kan ƙasata, aka kuma maimaita a rediyo har sau biyu: wai Muhammadu Labbo ya rungumi takin zamani, ga sakamako. Kura da shan bugu, gardi da karɓar tukwici.

Na huɗu: ɓarnar da wannan ya jawo.

Wataƙila a ofis za a ce allo ne kawai. Haka ma wani ma'aikacinka ya ce mini a zuwana na biyu, har ya ƙara da cewa ai ɗaukaka ni aka yi, wasu roƙo suke a sa sunansu. To bari in gaya maka irin ɗaukakar.

A shekarun nan, gida bakwai a ƙauyenmu suka haƙa ramin taki saboda abin da suka gani a gonata. Ni na tsaya a kan kowane rami, ban karɓi ko goro ba. Cikinsu akwai Mamman, maƙwabcina, mai 'ya'ya tara da gona mai tsakuwa. Shekara biyu yana wahalar ɗiban ruwa a kan maganata. Ranar Juma'ar da ta biyo bayan sanarwar rediyo, muna fitowa daga masallaci, ya tare ni a gaban mutane ya ce: "Ashe Labbo buhu kaka zubawa a ɓoye, mu ka bar mu da kwasar kashi? Allah shi isa." Washegari ya mayar da ƙasa ya cike raminsa, da takin da ya kusa nuna a ciki. Wasu gida biyu suka bi shi. Na kai shekara hamsin da 'yan kai a duniya, an kira ni matalauci, an kira ni mahaukaci, amma ba a taɓa kirana maƙaryaci ba sai da allonku ya zo.

Jauro Buba bai iya karatun boko ba. Ɗansa ne ya karanta masa allon. Ya zo ya tsaya a ƙofar gidana da sandarsa a kafaɗa, ya ƙi zama a tabarma. Ya ce: "Labbo, shanuna ne suka kwana a gonarka ko buhu?" 

Inna kuwa yanzu ta tsufa, idonta ya yi rauni, ba ta fita. Da labari ya kai mata, ta ce sai an kai ta. Na riƙe hannunta muka taka a hankali har bakin titi. Ta shafa ƙarfen daga sama har ƙasa, ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce: "Wanga ƙarfe bai taɓa ɗaukar jarka ba." Ta duƙa ta damƙi ƙasar gonar ta shinshina, ta ce mu koma gida. A hanya ta hana ni tumɓuke allon. Ta ce wanda ya kafa shi ya zo ya cire da hannunsa, in na cire za a ce kunya ce ta kama ni.

Na biyar: abin da na yi a kai.

Na roƙi mai unguwa ya tara mutane bayan sallar Juma'a. Aka fito da buhunan nan biyu daga zaurensa, kowa ya duba ɗinkin kamfani yana nan yadda yake. Daga nan muka ɗunguma zuwa gona. Na miƙa wa Mamman hauya na ce ya sara duk inda ransa ke so. Ya zaɓi tsakiya, ya sara. Ƙasa ta buɗe baƙa, da laima, tana na motsi a ciki, ga ɓurɓushin kara da bai gama narkewa ba. Na ce ya tsallaka iyaka ya sara a gonar da ke kusa, wadda kowa ya san buhu take sha duk shekara. Ya sara, ta fito ja, busasshiya. Wani dattijo ya ce buhu yana ciyar da shuka, amma bai taɓa ganin buhun da ya sauya launin ƙasa ba. Jauro yana gefe, sai na ga ya sauke sandarsa ya zauna.

Mamman ya miƙo mini hauyata ya wuce gida. Bayan kwana biyu da sassafe na ji sallama, na fito na gan shi tsaye yana sosa ƙeya. Ya ce: "Ka ara mini cebur." Na ɗauko biyu, muka tafi tare. Raminsa yanzu ya kai rabi.

To ƙauyenmu sun san gaskiya. Amma yallaɓai, manoman da kuka kawo a mota fa? Waɗanda suka ji a rediyo a Gummi da Anka da ƙauyukan da ban taɓa takawa ba fa? Ba zan iya ɗaukar buhu biyu da hauya in bi su gida-gida ba. Akwai mai fako irin tawa a can, wanda ba shi da halin sayen buhu, ya ji an ce sai da buhu gonar Labbo ta tashi, ya yanke ƙauna. Alhali maganin gonarsa yana turken awakinsa da murhun matarsa. Wannan mutumin kuka fi cuta, ba ni ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na gaba da takin zamani, ba na gaba da shirinku. Na san gidajen da buhunku ya fitar kunya, Allah ya saka muku. Duk wanda ya ga zai zuba, gonarsa ce. In kuna neman gonar da za ku nuna aikin takinku, akwai su, ku je ku nema da izinin masu su. Tawa dai ba ta cikinsu. Ban kuma san ko kai ka ba da umarni, ko kuwa na ƙasa da kai ne suka ga gona kore a bakin titi suka ga hanya mai sauƙi. Ina kyautata maka zato. Amma yanzu ka sani.

Saboda haka ina roƙonka abubuwa huɗu.

Ɗaya, ka aiko waɗanda suka kafa allon su cire shi da rana tsaka, su kuma fasa simintin su kwashe, don yana kan hanyar garma.

Biyu, a koma gidan rediyon da aka yi sanarwar, a shirin da aka yi ta, a faɗa da Hausa cewa an yi kuskure: gonar Muhammadu Labbo da takin gargajiya ta tashi. A ambaci shanun Jauro Buba, don haƙƙinsa ne. Sau biyu aka faɗi waccan, a faɗi wannan ma sau biyu.

Uku, a aiko a ɗauki buhunanku a zauren mai unguwa, a ba wanda yake bukata. Hoton da ke bangon ofishinka kuma, ko a sauke shi, ko a rubuta gaskiya a ƙarƙashinsa.

Huɗu, ka dawo mini da manoman nan da aka kawo, wannan karo ina nan. Da bazara nake buɗe ramuka. Su zo su gani, su taɓa, su yi tambaya, har da malaman gonarka in suna so. Ba na neman lada ko takardar yabo. Abin da na sani kyauta na same shi, kyauta zan bayar.

In kuma ka ga dama ka zo da kanka, ƙofata a buɗe take. Kada ka ɗauko guzuri. Za a tuƙa maka tuwon dawa da miyar kuɓewa, da man gyaɗa da daddawa da tattasai, a yanka maka zakara. In ka gama ka wanke hannu, zan gaya maka abin da aka sayo a kasuwa cikin akushin nan: gishiri ne kaɗai.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya haɗa ka da ma'aikata masu gaya maka gaskiya, ya sa ka gama aikinka da mutunci. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowane manomi gonarsa, kowane makiyayi mashayarsa, ya ba mu damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum.

Naka mai girmama ka,
Muhammadu Labbo,
manomi, ƙasar Bukkuyum.